Rodin Kawu Mati

Duk wanda ya san Kawu Mati ya san rodinsa. Guntun ƙarfen gini ne da ya kai masa ƙirji, bakinsa ya sha ƙasa har yana ƙyalli. Ba ya taka wuri sai ya fara caka masa rodin nan. Ƙofar masallaci, caka. Bakin kasuwa, caka. Har tsakar gidan Innata, ƙanwarsa, inda ya shekara arba'in yana shiga. Inna ta ce, "Haba Yaya, jiya ma fa ka cake ta!" Ya ce, "Wannan jiya ke nan. Kin san abin da gara ta yi bayan tahiyata?"

Ku direbobin tasha da kuka zo mana gaisuwa kun fi ni sanin zamanin da yake jan kamiyo, babbar motar kaya. In ya iso ƙaramar gada sai ya tsaya, ya sauka, ya bi ta yana ɗingishi da ƙafar hagu, yana caka. Wata rana wani Alhaji mai buhunan wake ya ƙule.

"Mati, motoci goma sun wuce ta nan a gabanmu!"

"To ka ji, Alhaji. Goma sun gajiyar da ita, mu ne na sha ɗaya."

Da babban ɗansa ya dawo daga Makka, ya kawo masa sanda mai kan azurfa, ko zai rabu da ƙarfen nan mai ba mu kunya a wurin biki. Kawu ya buga ta a ƙasa sau ɗaya, ya kasa kunne, ya ce, "Wagga bebiya ce." Har yau da ita Inna take korar kaji.

Ni kuwa, Hadiza, da na gama karatu sai na samu aiki a wani kamfanin gyaran hanya. Aikina duba hanyar da kamiyoyi za su bi da lodi daga ramin burji zuwa wurin aiki. Ina da tabileti mai manhajar taswira. Ita ke auna mini faɗin hanya, da gangara, da kaifin kwana, da nisanta daga lakwal, wato makaranta, da gidajen mutane kamar yadda doka ta ce. Inda ya yi daidai ta shafa kore, inda akwai haɗari ta shafa ja. In na sa hannu a rahoto, motoci su tashi. In wani abu ya faru kuma, hannuna ne a takarda, ran direba ne a mota.

Aka ba ni wata hanya da ta taso daga wajen Safo, ta biyo ta wani filin yashi kusa da tafkin Madarumfa. Kore shar daga farko har ƙarshe. Don in burge Kawu na kai masa ya gani. Wayyo ni, da na sani!

"Wa ya ɗauki hoton ga?"

"Tauraron ɗan adam, Kawu. Daga sama."

"Ya taɓa saukowa?"

"A'a."

"Ke fa, Uwar Taswira, kin taka?"

"Na bi ta a mota."

"A motarku mai nauyin kaza? Gobe ki zo ki ɗauke ni."

Washegari muna isa filin yashin nan ya ce a tsaya. Ya ce da can lambuna ne wurin. Masu lambu kan haƙa rijiya gajera da rani, in damina ta gabato su gicciya itace a bakinta, su shimfiɗa kara, su rufe da yashi, don kada ruwa ya cike ta da laka ko dabba ta faɗa. Kowa ya san inda tasa take. Amma masu lambunan sun mutu, ƴaƴansu sun koma kusa da ruwa, rijiyoyin suna nan a rufe.

Ranar Talata ce. Alhamis zan sa hannu, Asabar kamiyoyi su fara. Kawu ya shiga caka tun hantsi har la'asar, ni ina biye da shi da tabileti, ma'aikata suna ƙarƙashin gawo suna dariya. Ko ramin ɓera bai samu ba! Laraba ma haka. Da yamma shugaban aikinmu ya kira ni a talho.

"Madam, na'ura ta ce kore, ko ba ta ce ba?"

"Ta ce."

"To me ya rage? Tsoho da ƙarfe? In ba ki iya ba, akwai masu iyawa."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma da Kawu ya ɓaci. Na ce, "Kawu, za ka sa a kore ni daga aiki a kan rijiyar da babu!" Sai ya zauna a yashi ya ja wandonsa sama. Kun san labarin ƙafar nan tasa kullum sabo ne: yau doki ya shure shi, gobe kada ta kama shi a tafki. Ran nan ya faɗa mini na gaskiya. Yana sabon direba, ya ɗauko yashi ta filin nan, tayar gaba ta rufta, motar ta kife a kansa. Ya ce, "Ban taɓa faɗi ba, don kunya nike ji, ni da idona na kai mota rami. Wurin ne ya ɓace mini, Hadiza, an sare itatuwan da nike shaida. Amma suna nan."

Tunda nake da shi bai taɓa kirana da sunana ba sai ran nan.

Alhamis da safe na je na ce wa shugaba ba zan sa hannu ba. Na koma fili, na lalubo tsohon hoton wurin a cikin manhajar, na ga wasu ɗigo-ɗigo masu duhu inda yashi ya fi riƙe danshi. Na ce, "Kawu, caka nan." Ya harare ni, ya harari tabiletin, ya caka. Rodi ya shige zuruf har hannunsa, saura kaɗan ya bi shi! Muka yaye yashi, ga ruɓaɓɓen itace, ga baƙin rami, daidai inda tayar dama za ta bi.

Kafin azahar mun samu bakwai, huɗu a tsakiyar hanya. Masu dariya duk sun taso sun yi cirko-cirko. Shugaba ya zo ya leƙa ɗaya, ya ja da baya, ya cire hula yana fifita da ita. Kawu ya share gumi ya nuna tabiletin da baki: "Yarinyar ga tana da ido, ƙafa ce ba ta da. Ku riƙa fita da ita yawo."

Aka karkatar da hanya ta kan tudu. Na sa jan ɗigo a kan kowace rijiya, kuma Kawu ya tsaya a kaina sai da na rubuta "Rijiyoyin Mati" ya sa aka karanta masa sau biyu. Wasunku da ke zaune nan kuna cikin waɗanda suka ja motocin ran Asabar ɗin, kun kuwa koma gida kun ci tuwo da iyalinku.

Shekaranjiya da maza suka ɗauke shi suka fita, mu mata muna ciki muna kuka, sai idona ya kai bayan ƙofa. Ga rodi a jingine. Na ce, "Inna, Kawu ya kama hanya bai caka ba." Muka yi dariya da hawaye, daga nan kukan ya fi ƙarfinmu. Na ɗauki rodin, yana cikin motar aiki yanzu kusa da tabileti, kuma ba hanyar da zan sake sa wa hannu ban taka ta da shi ba.

Kawu, ka duba wa mutane hanya iyakar rayuwarka. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Gadar da ta rage maka, ta Siraɗi, Allah ya ƙetarar da kai lafiya, ba ɗingishi, ba tsayawa. Amin.