Jinkar Inna Kande

A wani ƙauye gabas da Sule Tankarkar aka yi Ɗantsoho mai baibaya. Mutum ne mai taurin kai, kuma a kan shuci, wato ciyawar baibaya, ya fi nuna shi. Kowa na jera wa jinka ciyawa hawa ɗaya ya sauko, shi sai ya ninka, ya kuma ninkawa. In aka ce ya cika ɓarna, sai ya ce, "Ka bari bazara ta zo, ka dawo mu yi maganar." Ba wanda ya taɓa dawowa. Ɗakin da ya baibaye, da tsakar rana sai ka rantse gindin tsamiya ne.

Mafi kaurin aikinsa yana kan ɗakin uwarsa, Inna Kande, wadda tsufa ya kwantar. Kullum da hantsi zai yayyafa wa yashin ɗakin ruwa, ya saki asabari, ita kuwa ta yi ta barci.

Sai aka shiga shekarar da ruwa ya ƙi sauka, 'yan shekaru bayan zuwan Nasara. Gero ya bushe a tsaye, daji ya koma fili. Tsohuwa ba ta iya haɗiye komai sai nonon saniyarsu guda, saniyar kuma ba abin da za ta ci. Ɗantsoho ya yaye jinkar ɗakinsa, ya jiƙa da ruwan kanwa ya ba ta. Ta cinye. Ya yaye ta rumbu, ita ma ta ƙare. Saura ɗaki ɗaya, ga bazara ta kankama.

Ni dai ban ga laifinsa ba, masu ganin laifin ba su aka tsare ba. In ya bar jinka, nono ya ƙafe. In ya yaye, rana ta shigo.

Ya fara zara kaɗan-kaɗan ta bayan ɗaki, yana tsammanin uwar ba ta ji.

Ran nan ya shiga da ƙwarya, ya tarar gumi ya jiƙa tabarmarta.

"Ɗantsoho, ɗakin nan ya sake," in ji ta.

"Bazara ce, Inna."

"Bazara nawa na yi a cikinsa? Zari abinka, ɗan nan, kada dabba ta mutu a banza."

Ya lulluɓe tsaikon jinkar da tsohuwar zana, ya wuni yana yi mata fifita, amma zana ba ta tare rana. Kafin ruwan farko Inna Kande ta cika, da azahar, ƙwaryar nonon na ajiye a gefenta.

Saniya ta rayu, har ta haihu. Ɗantsoho ya ci gaba da baibaye ɗakunan mutane, kaurin aikinsa ma ya ƙaru. Amma har ya koma ga Allah, ko a fura aka dama masa nono, sai ya ture ƙwaryar.