Yadda Baba Ya Yi Wa Babur Shirin Sanyi

A shekarar da muka bar gidan haya na garin Hyattsville, a nan ƙasar Turawa, muka koma can bayan gari, maigidana ya sayo babur mai ƙafa huɗu. Hujjarsa ita ce hanyar da ta taso daga titi zuwa ƙofarmu doguwa ce, ga gangara, kuma motar hukuma mai share dusar ƙanƙara iyakarta titi. Wai za a ɗaura wa babur ɗin faifan ƙarfe a gaba ya riƙa ture ƙanƙarar. Ni dai na san tun muna Kano yake da kwaɗayin duk wani abu mai inji, dalili kawai ya samu. Ban ja maganar ba, don akwai abin da ya fi wannan damuna.

Mahaifina yana wurinmu a lokacin. Mun ɗauko shi daga gida saboda ciwon daji, likitoci kuma suka ce sai ya yi ta zuwa asibiti har ƙarshen hunturu, in aka katse maganin a tsakiya wahalar baya ta tashi a banza. Baba tsohon direban babbar mota ne, a hanyar Kano zuwa Legas ya yi furfura. Irin wannan mutumin aka ajiye a falo da talabijin da jikokin da yake yi wa Hausa su mayar masa da Turanci. Kullum na dawo daga aiki, kafin in ajiye jaka zai ce, "Uwata, yaushe za ki yankar min tikiti?" Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci. Abinci sai ya tsakura ya ture. Tsorona ɗaya, kada wata rana ya kafe, don in Baba ya kafe ba mai tanƙwara shi.

Ranar da aka sauke babur ɗin, Baba ya fito da kansa ba wanda ya kira shi. Ya zagaya shi, ya buga taya da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Maigidana ya rusuna ya miƙa masa makulli da hannu biyu ya ce, "Baba, a sa mana albarka." Baba ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa, sannan ya jefa makullin a aljihun rigarsa. Daga ranar mai babur bai sake riƙe makullin nan ba sai dai ya hango shi.

Sai an san maigidana za a gane abin da ya biyo baya. Mutum ne da zai tsaya a ofis ya yi musu da Turawa har su gaji, amma a gaban surukinsa ko ruwa ba ya iya sha. In Baba ya shigo falo, shi ya fice. In Baba ya ce rana ta fito daga yamma, zai ce, "Haka ne, Baba." Duk abin da ke ransa sai ya biyo ni kicin ya sauke min, ni ce zan kai.

Rigimar farko a kan leda aka yi ta. Baba ya hana a cire ledar da aka naɗe kujera da fitilu da ita, wai sabon abu ba a tuɓe shi, ta yaya mutane za su san sabo ne? Na ce, "Baba, su wa? Barewa ce kawai ke wucewa ta nan." Bai kula ni ba. Aka tayar da inji, wata ledar ta narke a jikin salansar babur ɗin, muka wuni muna shaƙar ƙauri.

Sai aka zo ronin. A gida haka ake yi wa sabon babur, a tayar da shi a bar shi a tsaye yana ta kuka, wai inji ya saki jiki. Baba kan fito da hantsi ya tayar, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi da carbi, yana karkata kunne. Ranar Asabar ce kaɗai nake samun barcin safe, ita ma ta tafi. Tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu ta tako har ƙofa ta tambaya ko wani abu ya lalace. Maigidana kuwa ya same ni ina wanke-wanke, yana magana ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa.

"Littafinsa ya ce kada a bar shi a tsaye yana aiki. Hawa ake yi, a ƙara wuta, a rage, sannan a juye baƙin mai da wuri. Don Allah ki faɗa masa."

"Kai ba ka da baki?"

"Haba ke kuwa."

Na goge hannu na fita. Na ce, "Baba, wai littafin ya ce hawa ake yi." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Littafin ya taɓa kai kaya Legas?" Na koma na faɗa wa mai aike, ya ce to, shi ke nan, Baba ya fi mu sani. Na ji kamar in jefe shi da soson.

Da ganyen bishiyoyi ya gama zuba aka shiga shirin sanyi. Maigidana ya sayo sarƙar taya, da abin cajin batir, da baƙin mai na hunturu. Baba ya ɗiga man a yatsa ya murza ya ce wannan ai ruwa ne, an cuce ku. Sarƙar ce kaɗai ta burge shi. Su biyu suka ɗaura faifan ƙarfen, Baba yana ba da umarni, maigidana yana kwance a ƙasa yana "To, Baba." Bayan nan na nemi sabon bargona sama da ƙasa, ashe yana rumfar ajiya a bayan gida, an lulluɓe babur da shi kada ya ji sanyi. Ana haka kuma Baba ya fara ƙorafin wai akwai mai taɓa masa inji in ya juya baya. Da muka je Silver Spring sayen garin tuwo da katin waya, ya sa na tsaya ya sayi ƙaton kwaɗo, ya datse rumfar. Na ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Duk wannan na shanye shi, kuma ina da dalili. Baba ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Shi ke tashina mu tafi asibiti da wuri don ya dawo ya ɗuma inji. Maganar tikiti ta ɓace daga gidan. Saboda haka in ƙarar babur ta tashe ni, sai in danne kaina da matashi in yi tsaki a ciki.

Sanyi na gaske ya sauka a wani mako, irin wanda ke sa hanci ya yi zafi. Ya yi kwanaki yana gasa mana, sannan muka wayi gari ko'ina fari fat, hanyarmu ta shafe, ga shi da safen nan Baba yana da ganin likita. Ya fito cikin rigar sanyi a kan jamfa, hula ta rufe kunnuwa, fuskarsa sai walƙiya take. Ranar da ya yi ta jira ce ta zo. Ya buɗe kwaɗo, ya yaye bargona, ya murza makulli. Inji ya yi tari ya tashi da ƙyar. Bai daɗe ba tururi ya fara fita ta gaba, ruwa ya soma tsiyaya a ƙasa. Baba ya kashe, ya durƙusa. Lagireto, ma'ajin ruwan da ke sanyaya inji, ya tsage, tiyo ya kumbura ya fashe, ga ƙanƙara tana leƙowa ta tsagin.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ruwa mai kyau fa na zuba masa. Na famfo. Wancan koren ƙazantar da suka zubo a kanti ai na zubar da shi."

Na juya na kalli maigidana. Kansa yana ƙasa, kuma fuskarsa ba ta mai mamaki ba ce. Na ja shi gefe.

"Ka sani?"

"Na ga koren ruwan a bokiti tun kwanaki. Shi ne ke hana lagireto daskarewa. Na faki idonsa na sayo wani na mayar. Ya gani ya sake zubarwa. Sai ya sa kwaɗo."

"Ka kasa buɗe baki ka ce masa ruwan famfo yana daskarewa?"

"Ni zan ce wa Baba bai iya lagireto ba?"

"To ni me ya hana ka faɗa min?"

"Na san halinki. Gatsau za ki faɗa masa."

Wallahi ban taɓa jin haushin mutum biyu a lokaci ɗaya kamar na ranar ba. Ɗaya ya zo da ilimin Kano, inda ruwan famfo bai taɓa cutar da lagireton kowa ba, ya ƙi tambaya. Ɗaya ya sani sarai, kunya ta ɗaure masa baki, ya zaɓi ya riƙa sanɗa a gidansa kamar ɓarawo. Muka ɗauki shebur ni da shi muka haƙa wa mota hanya, sabon babur yana kallonmu daga rumfa. Mun makara sosai, sai da na yi ta ba ma'aikatan asibiti haƙuri.

A hanyar dawowa ne, mun kusa gida, Baba ya yi magana. Ni ke tuƙi, shi yana gefe yana kallon taga.

"Uwata, ki yankar min tikiti."

Wannan karon ba irin mitar da na saba ji ba ce. A hankali ya faɗa, kuma na san ya gama yanke shawara.

"Baba, saura fa maganin."

"Wanda aka yi ya isa. Na zo gidan suruki ina ci ina sha, na kuma fasa masa sabon abu. Ƙasar da ruwa ke fasa ƙarfe ba tawa ba ce. Abin da na sani ba shi da amfani a nan."

Na san in na lallashe shi na rasa shi, don lallashin ne ya fi tsana tun zuwansa. Amma ba dabara na yi ba, haushin safe ne bai gama sauka ba. Na gangara gefen titi na taka birki.

"Babu inda za ka je, Baba. Ka fasa injin mutane sannan ka ce a kai ka filin jirgi? Wa zai gyara? Ni? Duk shekarun da ka yi a hanya, ka taɓa barin motarka a daji ka hau ta wani ka dawo gida? Ka gyara musu abinsu, ya tashi, ya ture ƙanƙarar nan da ta karya min baya, sannan mu yi maganar tafiya."

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ja mota, kin tare wa mutane hanya."

Da muka isa ya shige ɗaki ya rufe. Na zauna a kicin ina jiran ko dai ya fito da jaka, ko ya kira ƙannensa a waya ya ce 'yarsa ta zage shi. Bayan la'asar ya fito, ya ƙwala wa maigidana kira da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam! Kai ne mai mayar min da koren ruwa?"

Maigidana ya zube a ƙasa. "A yi haƙuri, Baba."

"Kunyarka ta ci lagireto. Tashi ka nemo min sufanu, da abin ɗumama ɗaki a kai rumfa. Ban yarda ɓarnar ta tsaya a waje ba, sai na buɗe injin."

Ya kuwa buɗe. Ya shimfiɗa tabarma ya baje babur ɗin nan gunduwa-gunduwa, kowace ƙusa da gwangwaninta. Ɓarnar ta shiga ciki kamar yadda ya zata, famfon ruwan da ke cikin injin ya tsage, wasu robobin sun tashi aiki. Ya riƙa faɗa, maigidana yana yin odar kayan ta kwamfuta. Sai dai kayan nan ba sa zuwa. Yau a kawo tiyo, sai an yi mako biyu a kawo wata 'yar roba, lagireton kuwa kullum yana hanya. Baba ya yi ta faɗa, wai a Kano da ya aika yaro kasuwa kafin azahar an gama. A wannan hunturun kuma ƙanƙara ta zuba kamar da gayya. Maigidana a bakin titi yake kwanar da motarsa ya fita aiki tun duhu-duhu, ni ke kai Baba asibiti, don haka ni ke shebur. Ina haƙa, Baba yana leƙowa daga rumfa mai ɗumi yana ce min ba haka ake riƙewa ba.

Wata Lahadi shebur ɗina ya karye, na tuna akwai wani a but ɗin motar maigidana. Na ɗauki makulli na gangara na buɗe. Kwalaye ne jere a ciki, an rufe su da tsohuwar darduma. Na ɗaga na sama, ga lagireto sabo fil. Ga famfon ruwa, ga sauran tarkacen da Baba yake ta jira, duk sun iso tun tuni. Na tsaya a cikin sanyin nan bayana yana zogi, na ƙwala masa kira. Ya taho da gudu da silifa, ya ga but a buɗe, ya tsaya.

"Mene ne wannan? Wata nawa ina karya bayana, kayan suna nan?"

Ya waiga wajen rumfa, inda ƙarar guduma ke tashi, ya rage murya.

"In na ba shi duka, kwana uku ya gama. Ke kika ce masa in ya gyara za a yi maganar tafiya."

Na sake duban kwalayen. Idona ya ciko, na kuma ji haushin cikowar, don ban gama faɗan ba.

"Aƙalla da ka saya min shebur mai kyau," na ce.

Na ja dardumar na rufe kwalayen, na zaro shebur ɗin, na rufe but. Har ranar da likita ya sallami Baba, da hannu na riƙa share hanyar nan, kuma ban fasa mita ba ko sau ɗaya.