Aron Lasisi

Sana'ar maigidana haƙa rijiyar burtsatse, kuma duk wanda ya zauna a Minna ya san ba wasan yara ba ne, don ƙasarmu dutse ce. Kullum yakan dawo mini gida fari fat da garin dutse, har cikin kunne. Ya sha wahala kafin ya samu lasisi. Ya yi ta zarya a ofishin masu kula da ruwa, aka zo aka duba injinsa, aka yi masa tambayoyi kamar ɗan makaranta, sannan aka ba shi. Ni kaina na haddace ƙa'idojin saboda yawan maimaita su da yake yi a tsakar gida: a nisanta rijiya da ramin masai, a zuba siminti a kewayen bututu daga sama don kada ƙazanta ta zurara ciki, a kai ruwan gwaji kafin kowa ya kai baki.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koyi aikin a hannunsa. Iya aiki kam ya iya, haƙuri ne babu. Akwai wasan ƙanin miji tsakaninmu, ina ce masa sarkin gaggawa, shi kuma ya ce mini uwar tsoro. Bai taɓa neman lasisi ba, wai shi ba zai iya zaman benci a ofis ba. To a wannan sana'a akwai abin da ake yi, kowa kuma ya san doka ta hana: marar lasisi ya ari na mai shi. Ya ɗauki motar haƙa da sunan kamfanin a jikinta, ya je ya yi aikinsa, a hukumance kuwa mai lasisin ne ya yi. In bare ne sai ka ce masa a'a. In ƙaninka ne fa, ga tsohuwarku da ranta tana jin komai?

Ranar da ya zo aron, maigidana yana kwance da ciwon baya a gidanmu na Fadikpe. Na ji ƙanin yana cewa, "Yaya, ɗan ƙaramin aiki ne a Sauka Kahuta. Mai gidan yana so ruwa ya fito kafin azumi."

Daga bakin murhu na ɗaga murya na ce, "Malam, kada ka ba shi. Ka bari ka warke ku je tare."

Ƙanin ya yi dariya ya ce, "Uwar tsoro ta fara." Sai ƙarar makullan motar na ji, maigidana ya miƙa masa.

Ruwa ya fito, mai yawa ma. Kuma a al'adar nan, in ruwa ya fito a sabuwar rijiya ba a rowarsa. Mai gidan ya fito da famfo bakin ƙofa ya ce sadaka ce, kowa ya ɗiba. Rani ne, rijiyoyin layin duk sun ƙafe, 'yan ga-ruwa suna yanga. Mata suka yi layi da robobi da jarkoki suna sa albarka.

Ba a daɗe ba wata maƙwabciyata ta dawo daga Kasuwar Kure tana ba ni labari, ita ba ta san abin da take gaya mini ba. Wai a wani layi a Sauka Kahuta yara sun kama amai da gudawa, an kwashi wasu zuwa asibiti, ana zargin ruwan wata sabuwar burtsatse. Wallahi tsintsiyar da ke hannuna ban san sanda ta faɗi ba. Na shiga ɗaki na zauna a ƙasa.

Maigidana ya aika aka kira ƙanin. A gabana ya tambaye shi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ka zuba siminti?"

"Yaya, dutse na kusa, na ga ba sai an zuba ba."

"A ina ka haƙa?"

"Inda mai gidan ya nuna, jikin katanga."

"Me ke bayan katangar?"

Ya ce bai leƙa ba. Ramin masan gidan haya ne a bayan katangar. Da aka zo kan gwajin ruwa sai ya ce, "Ruwan garau yake, ni ma na sha." Nan na fashe. Na ce kai ka sha, ƙaton banza, yaran mutane fa? Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa dangin miji ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Washegari na yafa mayafi na tafi asibitin, ban gaya wa kowa ba. So nake in gani da idona, ko tsoron zai ragu. Ƙaruwa ya yi. Akwai wata yarinya da ba ta isa shiga makaranta ba, an sa mata ƙarin ruwa, idanunta sun faɗa ciki. Uwarta 'yar Kudancin Kaduna ce, tela, a gidan hayan nan suke zaune. Ta ɗauka dubiyar wani na zo, ta matsa mini a benci. Ta ce, "Mama, ki sa mu a addu'a. Tun jiya ba ta buɗe ido ba." Na ce Allah ya ba ta lafiya. Ina kallon ƙirjin yarinyar, in ya ɗaga in ce alhamdulillahi, in ya jinkirta numfashina ya tsaya. In ta mutu, da sunan mijina ta mutu.

Allah ya sa ta tashi, ita da sauran. Amma duba-gari sun riga sun ɗauki ruwan, gwaji ya nuna abin da muka sani, aka ce maigidana ya zo bakin rijiyar ya yi bayani. Wani ma'aikaci da ya daɗe da saninsa ya faɗa masa gaskiya a gefe. Ya ce in aro ka bayar, laifi ne, za a dakatar da kai na wani lokaci, amma ƙaninka sai kotu, don haƙa babu lasisi ga yara sun kwanta. In kuwa kai ka haƙa da hannunka, lasisinka ya tafi, ba dawowa.

Kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. In mota ta tsaya a ƙofar gida, sai gabana ya faɗi. Tsohuwarsu ta aiko da saƙo wai a tuna da zumunci, na ce wa ɗan aiken ya koma ya ce na ji. Da safiyar ranar zuwa bakin rijiyar na durƙusa a gaban maigidana, abin da ban saba ba. Na ce, "Malam, don girman Allah ka faɗi gaskiya. Da me za mu ci? Wace sana'a za ka koya yanzu da furfura?" Ya ce in ɗauko masa hularsa.

Na bi shi. Layin ya cika, maza da mata, har da telar nan goye da yarinyarta. Da ta gan ni kusa da shi ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙanin yana can baya cikin 'yan kallo, ya ja hula ya rufe goshi.

Babban jami'in ya ce, "Alhaji, motarka aka gani a nan. Wa ya haƙa rijiyar nan?"

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe, sunan yana kan harshena. Maigidana ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon mai roƙo. Sai na rufe.

Ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Mutane suka ɗau hayaniya. Wata tsohuwa ta ce Allah ya isa, wani ya ce dattijon banza. Ya tsaya ya sha duka, kansa a ƙasa. Jami'in ya ce an soke lasisinsa, kuma za a toshe rijiyar da kankare a take. Aka fara neman leburori, maigidana ya ce a bari, shi zai yi. Ya cire babbar rigarsa ya miƙo mini, ya kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, ga bayansa bai gama warkewa ba, yana ɗiba da kwano yana ɗurawa a bututun. Rabi yana zuba a ƙasa. Na waiga baya ko ƙanin zai zo ya karɓi shebur ɗin. Ba ya wurin.

Da bututun ya cika ya shafe bakinsa da tafin hannu, a hankali, har ya yi sumul. Ya miƙe da ƙyar, ya ce mini, "Mu je gida." A iya zamana da shi ban taɓa ganin ya rufe rijiya ba sai ranar, kuma ita ce ta ƙarshe da ya taɓa.