Rawar Hannun Ammi Sara

Duk wanda ya ci abincin biki a unguwar Aƙiƙ ta Madina cikin 'yan shekarun nan, da wuya bai ɗanɗana biryanin Tasallah ba, wato dafa-dukan shinkafa da nama irin na Indiyawa. Doguwar mace ce, mutuniyar Damagaram, mai raha, wadda in ta shiga kicin za ka ji dariyar mata tun daga ƙofar gida. Shekararta goma sha ɗaya a Madina. Sai dai ba da iyawa ta zo ba, kuma har yau in aka taɓo yadda ta iya, sai ka ga ta sunkuyar da kai.

Bayan rasuwar mijinta ta zo, da takardar aikin gida. Dillalin da ya yi mata hanya ya rubuta cewa ta ƙware a girkin Indiya, ita kuwa ko sunan dal, miyar wakensu, ba ta taɓa ji ba. Aka kai ta unguwar Ƙurban, gidan wani Ba'indiye mai aikin harhaɗa magunguna, Nasrullahi. Matarsa Wafa malamar makaranta ce. Sai mahaifiyarsa Sara, tsohuwa 'yar ƙarama mai dogara sanda, wadda hannunta na dama ke rawa kullum. Kowa Ammi yake kiranta, wato uwa a yarensu.

Kashegarin zuwanta, Wafa za ta fita aiki ta ce mata cikin Larabci, "Dal da capati, kafin azahar." Tasallah ta ce to. Ta tsaya gaban kanta, kwalabe sun fi ashirin, ba ta gane komai a ciki ba sai citta da kanumfari. Ta zuba adas, ƙananan waken da ake dal da shi, a tukunya kamar za ta dafa wake, ta ɗebi kaɗan daga kowace kwalba ta antaya. Abu ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci. Capatin kuwa, wato gurasarsu, in ka jefi kare da shi sai ya yi kuka.

Ammi ta shigo, ta lakata da yatsa ta kai baki. Ta daɗe tana dubanta. Tasallah ta durƙusa, hawaye na zuba, don ta san in aka gane ƙarya ce jirgi za a saka ta. Tsohuwar ta nuna mata kwandon shara ta zubar, ta jawo kujera gaban murhu, ta sake girkin da hannunta mai rawa. Da ɗanta ya dawo ya ci ya yaba, sai ta nuna Tasallah da haɓa ta ce, "Ita ta yi."

Daga ranar makaranta ta buɗe. Ammi ba ta jin Hausa, Tasallah ba ta jin yarensu, Larabcin kowace gurgu ne, don haka da hannu da hanci aka yi yawancin karatun. Ta koya mata kada ta jefa 'ya'yan kayan ƙamshin da suke kira kamun cikin mai sai ya yi zafi, ta saurari ƙarar fashewarsu, sannan ta juye man a kan dal ta rufe da sauri kada ƙamshin ya gudu. Albasa in tana so ta soyu da wuri, ɗan gishiri za ta barbaɗa mata. Ranar Asabar kuma sukan soya albasar mako guda su tsane ta su adana, su markaɗa citta da tafarnuwa su zuba a 'yan ramukan farantin ƙanƙara, in an tashi girki a ɓalli ɗaya ko biyu. Tafarnuwar ma sai ta jiƙa a ruwan ɗumi, ɓawon ya sulluɓe da kansa.

Capati ne ya fi ba ta wuya. Wata guda tana yi yana fitowa kamar fata. Ammi ta kama hannunta ta tsoma a ruwan kwaɓi don ta ji ɗuminsa, ta ƙara cokalin kindirmo, ta rufe ƙullun da jiƙaƙƙen kyalle, ta nuna mata agogo. "Sabr, beti," in ji ta, wato haƙuri, 'yata. Ranar da capatin Tasallah ya kumbura a kan wuta kamar kumatun yaro, tsohuwar har tafi ta yi.

Haka ta koyi jiƙa shinkafa kafin a ɗora, da ƙirga fiton tukunya mai tururi, uku na adas ne, biyar na nama. Ta koyi rage wuta da kaɗa kindirmo kafin a zuba a miya don kada ya tsinke. In gishiri ya yi yawa, a jefa yankan dankali ya tsotse. Biryani sai a shekara ta biyu Ammi ta yarda ta taɓa.

Shekara shida ta yi a gidan. Da aikin Nasrullahi ya canza suka koma ƙaramin gida, sai ya sakar mata takardunta, ta koma ƙarƙashin Hajiya Ƙaltume, 'yar ƙasar Saudiyya wadda kakanninta suka zo daga Kano a ƙafa, mai yi wa mutane abincin biki. Nan tauraron Tasallah ya haska. Da farko takan je gaishe da Ammi duk Juma'a, daga baya sai wata-wata, daga nan sai Sallah zuwa Sallah. Aiki ya yi yawa, in ji ta.

Ranar wani suna, ana cikin aiki, Sundus jikar Hajiya ta ɗaga waya tana ɗaukarta. Yarinyar tana jin Hausa amma da Larabci take mayarwa, shi ya sa take ce mata Khala, wato inna. Ta ce, "Khala Tasallah, faɗa wa mutane sirrin. Wa ya koya miki?"

Mata sun fi goma a kicin, duk suka juyo. Daɗin ido ya ɗebi Tasallah.

"Wa zai koya mini?" ta ce. "Baiwa ce. Indiyawan da na zauna da su ma ni na gyara musu hannu. Akwai wata tsohuwa a gidan, in ta ɗauki cokalin gishiri, rabi a tukunya rabi a ƙasa."

Sai ta ranƙwafa, ta kama muciya kamar sanda, ta shiga kaɗa kai tana karkarwa da hannun dama, tana cewa "Sabr, beti" da 'yar siririyar murya. Mata suka kwashe da dariya, har wata na riƙe ciki. Sannan ta miƙe ta zayyana dabarun albasa da na ƙullu ɗaya bayan ɗaya, kamar daga kanta suka tsiro. Sundus ta rubuta fassarar Larabci a ƙasan bidiyon ta sake shi. Cikin mako guda ya zaga Madina, har daga garin Khaibar aka kira Hajiya ana neman mai biryanin nan.

Kwana tara bayan haka wayar Tasallah ta yi ƙara. Wafa ce. Ba gaisuwa mai tsawo, ta ce, "Ammi tana son ganinki," ta kashe.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ta buɗe bidiyon ta kalli kanta tana rawar hannu, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kwana biyu tana ƙirƙiro dalilin ƙin zuwa. A na uku Hajiya Ƙaltume, da ta ji labarin, ta ce mata, "Ke Tasallah, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sa abayarki ki tafi."

Wafa ce ta buɗe ƙofa, fuskarta ba annuri. Ta tare ta a soro ta ce a hankali, "Wata maƙwabciya ta nuna mata. Idonta ba ya ganin rubutun, ni kuma na ce mata yabonta kike yi. Kada ki ɓata mini."

Ammi tana kan gado, ta ƙara ƙanƙancewa, yanzu hannayen biyu ke rawa. Da ta ga Tasallah sai ta washe baki, ta daki gefen katifa. Tasallah ta ƙi hawa, ta zauna a ƙasa. Ta gaishe ta, ta tambayi jiki. Tsohuwar ta ce ta gan ta a waya, ta yi ƙiba, ta yi kyau. Wannan ya fi zagi ciwo. Tasallah ta dubi Wafa da ke tsaye bakin ƙofa tana girgiza mata kai, ta dubi tsohuwar, ta kasa ɓoyewa.

"Ammi, ba yabonki na yi ba," ta ce cikin gurgun Larabcinsu. "Na ce ba wanda ya koya mini. Na kwaikwaye ki don mata su yi dariya. Ki yafe mini."

Ammi ta ɗaga hannunta na dama ta dube shi yana karkarwa.

"Na sani, beti," ta ce. "Wannan ba ya bukatar tafinta. Na ga hannuna. Kin iya shi sosai."

Tasallah ta kifa fuska a kan gwiwa ta fashe da kuka. Da tsohuwar ta yi faɗa ko ta kore ta, da ta samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta ce ranar da ta gani ta ƙi cin abinci, kashegari kuma ta ci, don fushi ba ya cika ciki. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai har yanzu, in ji ta. A bidiyon ta ga an ɗora tukunyar biryani kai tsaye a kan wuta.

"Sau nawa na ce miki ki sa tsohon kasko a ƙarƙashi? Mutane dubu sun gani. Yanzu duk za su ƙona gindin shinkafarsu su ce haka Indiyawa ke yi."

Wafa ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Tasallah dai ba ta iya ɗago kai ba har ta fita.

Da ta koma Aƙiƙ ta sa Sundus ta goge bidiyon, amma an riga an kwafe shi, yana nan yana yawo. Ta sa aka ɗauki wani, ta tsaya ba wasa ba dariya, ta faɗi sunan Sara mutuniyar Haidarabad ta Indiya, ta ce duk abin da ta iya daga hannunta ta samu, ta gyara maganar kasko. Wannan na biyun bai yi farin jini ba, waɗanda suka kalla ba su kai ɗari uku ba. Har yau akwai matan da in sun gan ta a biki sai su ce, "Tasallah, yi mana tsohuwar nan." Takan ce wuta na jiranta, ta juya.

Ta koma zuwa Ƙurban duk Juma'a bayan la'asar, ta dafa wa Ammi shinkafa da adas mai ruwa-ruwa, abin da cikinta ke karɓa ke nan. Wafa ba ta sake sakin jiki da ita kamar da ba, gaisuwa ce kawai, Tasallah kuma ba ta ga laifinta ba. Wata bakwai aka yi haka, sannan Nasrullahi ya mayar da mahaifiyarsa gida Indiya wurin 'yarta, don ta ce tana son ta ga jikokinta na can. A filin jirgi Tasallah ce ta tura ta a keken marasa lafiya har inda aka hana 'yan rakiya wucewa. Ta tsaya nan har suka ɓace mata, sannan ta nemi motar Aƙiƙ, don akwai walimar mutum ɗari biyu da ke jiranta washegari.