Ƙofar Akurkin Mu'mina

Mu'mina, Allah ya ji ƙanta, ba ta kallon bidiyon karatu ta bar shi a waya, sai ta gwada da hannunta. Tana aji biyar na sakandare a Gomari ta ga yadda Rumawan da can suke gina ƙofa mai lanƙwasa kamar baka, duwatsu suna riƙe juna ba siminti. Ta kwashi jan bulo ta yi mako guda tana gina wa akurkin kajinta irinta, da bokiti kwance a ƙasa yana tallafe da ginin.

Kawunta Umara, wanda magini ne, ya duba ya ce, "Cire bokitin mana, 'yata, mu sha kallon rushewa."

Ta sunkuya za ta zare, sai ta tarar kaza ta kwanta kan ƙwai a ciki.

"Kawu, sai bayan kwana ashirin da ɗaya. Haka darasin halittu ya ce."

"Tsoro dai, injiniya!"

Ranar da 'yan tsaki suka fito ta ja bokitin a hankali. Ƙofar ta tsaya. Umara ya danna ta da tafin hannu har sau biyu, sannan ya ce a nuna masa bidiyon.