Anti Fanko da Farantin da Ba a Sa wa Magani

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ƙofa, kafin mai shara ya hau bene. Ɗakin nata yana can ƙarshen baranda, bayan ma'ajiyar kwalabe, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya. Tagarsa ɗaya ce, ita ma bango take kallo. Takan rataye mayafinta a ƙusa, ta sa farar riga, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta buɗe akwatin ɗumi ta ce, "Kun tashi lafiya?" Ba da mutane take ba. Da ƙananan farantai take, masu murfi, waɗanda ake renon ƙwayoyin ciwon daji a cikinsu don gwaji. Shekara ashirin da shida tana wannan gaisuwa, ba a taɓa amsa mata ba.

Ita ce ma'aikaciyar da ke haɗa kayan gwaji a ɗakin binciken, kuma makon jiya ta yi ritaya.

Abin da ake nema a ɗakin mai sauƙin faɗi ne. Maganin ciwon daji in ya shiga jiki ba ya tambayar wa ke da laifi, yana ƙona ciwo yana ƙona mai lafiya. Masu binciken suna so su ɗura shi a cikin wasu siraran bututu na kabon, sinadarin nan da ke cikin gawayi, su kai shi bakin ciwon kawai. Bututun ƙanana ne har ido ba ya ganin guda. A cikin kwalba kamar baƙin gari suke. Suna da halin cuɗewa da juna, sai an wanke, an kaɗa, an tace, an sake wankewa. Wannan aikin ba ya fitowa a hoto. Nata ne.

Sunan Anti Fanko kuwa ɗalibai ne suka laƙaba mata. Duk tiren gwajin da ya bi ta hannunta, sai ta ware faranti ɗaya a kusurwar hagu, ta ɗiga masa shuɗin alƙalami, ta zuba masa bututu zalla, ba magani. Takan ce, "In ba ka san abin da buhu ke yi shi kaɗai ba, yaya za ka yabi kayan ciki?" Shekara da shekaru farantin bai nuna komai ba, har aka mai da shi abin tsokana.

"Anti, yaya jikin fanko yau?"

"Garau yake. Ya fi ku hankali."

A cikin masu wucewa su yi dariya su tafi, mutum ɗaya ce ta taɓa jawo kujera. Wata mata ce mai neman digiri na uku, ana ce mata Auta don ita ta zo ƙarshe a shekararsu. Kullum da azahar takan zo da burodi, Anti ta dafa shayi. Saboda ita Anti ta sayi kofi na biyu.

Auta ta yi shekara uku gwajinta bai taka kara ya karya ba. Sai aka kawo sabuwar kwalbar bututu. Ƙwayoyin gwaji sun yi ƙaranci a lokacin, don haka Farfesa, shugaban ɗakin, ya ce a bar zancen fanko a wannan karon. Bayan kwana uku Auta ta leƙa madubin ƙara girma ta kurma ihu: ƙwayoyin dajin sun mutu kusan ƙaf. Ranar har Farfesa ya taka zuwa ƙarshen baranda. Aka sa ranar da za a kai labarin babban taro, mako biyu masu zuwa.

Ba wanda ya kai Anti murna. A gida akwai ƙanwarta, su biyu kawai suke zaune, kuma wata bakwai ke nan ana yi wa ƙanwar ƙarin ruwan maganin daji. Gashinta ya zube, ko ruwa ɗaci yake mata. Anti ta san irin wannan binciken sai ya yi shekaru kafin ya kai gadon asibiti, amma ranar bakinta ya riga hankalinta. Tun daga ƙofa ta ce, "Namu ya yi!"

Washegari ta buɗe akwatin ɗumi, ta jawo wani faranti daga can baya. Hannunta ne ya ware shi don sabo, duk da hanin Farfesa. Ta sa a madubi. Nan ma duk sun mutu, ga shi ko ɗigon magani bai shiga ba. Ke nan bututun ne ke kisa, kuma abin da ya kashe waɗannan haka kawai ba zai bar naman mai lafiya ba.

Ta sake gwadawa sau biyu, tana fatan ita ce ta yi kuskure. Da na uku ya fito iri ɗaya, ta jira azahar, ta bar Auta ta shanye shayinta tukuna.

"Zo ki leƙa, 'yata."

Auta ta daɗe a kan madubin. "Me kika sa masa?"

"Bututu zalla."

"Anti, shekara uku fa."

"Na sani. Ni na wanke kwalaben shekara ukun."

"Wa ya gani?"

"Ni da ke, sai Allah."

"To ai in muka..."

"Kada ki ƙarasa, don kada ki riƙa tuna kin faɗa. Ba zan riga ki zuwa wurin Farfesa ba, aikinki ne. Amma in aka tambaye ni, zan buɗe baki."

Auta ta ɗauki farantin ta kai da kanta. Aka fasa zuwa taro. Farfesa ya kira Anti ya ce, "Wa ya ce ki sa?" Ta ce, "Hannuna ne ya saba, ranka ya daɗe." Ya sallame ta. Daga baya aka gano ɓurɓushin ƙarfe ne ya maƙale a sababbin bututun tun wurin ƙera su, wankin da aka saba bai fitar da shi ba.

A gida kuma sai da ta janye albishirinta. Ƙanwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ke dai Yaya, ko ƙarya mai daɗi ba kya barin mutum ya kwana biyu da ita."

Auta ta daina zuwa. In sun haɗu a baranda sai gaisuwar baki. Wata takwas Anti tana wanke kofi biyu tana shan shayi a ɗaya. A cikin watannin nan ƙanwarta ta rasu. Bayan kwana bakwai ta dawo aiki, ta zauna ita kaɗai ta fito da sabuwar hanyar wankin bututun, wadda da ita Auta ta sake aikinta daga farko.

Wata azahar aka turo ƙofa, aka ajiye burodi a tebur.

"Har yanzu shayin ba sukari?"

"Har yanzu. Kofinki na nan."

Anti Fanko, ke ce kika so farantin nan ya yi ƙarya fiye da kowa, kuma ke ce kika ƙi rufa masa baki. Ke ce kika san mutum ɗaya ke zama da ke a ginin nan, kika yarda ki rasa ta da dai a ɗora wa marar lafiya abin da zai cuce shi. An buga takardu da yawa daga ɗakin, ba ko ɗaya mai sunanki. Mai wankin da ba a gani, sannu da aiki.

Yau Auta dakta ce, ita ke riƙe da ɗakin, amma ranar sallamar Anti tana can wani gari wurin taro. Ba a yi biki ba. Da Anti ta fito mai da makulli, wata sabuwar ɗaliba ta tare ta a baranda ta ce, "Mama, wani kike nema?" Ta ce a'a, ta samu. Ta koma ta buɗe akwatin ɗumi sau ɗaya na ƙarshe. Tire goma sha ɗaya ne a ciki, ba ita ta jera ko ɗaya ba, kuma kowanne da farantinsa a kusurwar hagu, da ɗigon shuɗi. Ta rufe a hankali ta ce, "To, ku zauna lafiya."

Maganin bai kai ga marasa lafiya ba tukuna. In ya kai wata rana, da wankinta a ciki. Mun gode, Anti. Allah ya saka miki, ya jiƙan ƙanwarki.

Ku da kuke shiga aiki yanzu, kowane iri ne, ku koyi ware farantin da zai iya ƙaryata ku, ku kuma duba shi ko da ranar murna ce. Wanda kuma ya san gidanta, ya leƙa da azahar. Ta tafi da kofunan duka biyu.