Tsagar Malam a Jikin Kanya

Shekara tara ke nan cif da rasuwar maigidana, Malam, manomin albasa a Katanga ta ƙasar Jega. Allah ya jiƙansa. Na ɗauka duk abin da ya bari na san inda yake, har sai da ɗaliban nan sunka zo bana.

Su huɗu ne, daga makaranta a Aliero, an turo su duba lafiyar rafuka tun daga nan har wajen Maiyama. Suna shiga ruwa da takalman roba, su ɗiba a kwalba, su auna zurfi da sanda. Da Malam na raye, da ya bi su yana gyara musu riƙon sandar. A zamaninsa dariya ake yi masa. Kowace Juma'a kafin ya karya sai ya tafi rafi da wuƙa, ni kuwa ina gida kunu na hucewa, ina cika ina batsewa. Ban taɓa zuwa wurin ba, ni ba mai fita ba ce. Amma in ya dawo sai ya zauna ya ba ni labarin ruwa kamar wanda ya je biki, kuma ba abin da kunnena ya yar.

Babbarsu, wata yarinya Rabi, ita ta yi sallama har tsakar gida ta nuna mini hoto a waya: kanya a bakin rafi, jikinta duk tsaga, layi bisa layi. Hannun Malam ne, aikin wuƙar nan tasa. Sai haushi ya kama ni. Wannan ɗiya ta shafa aikinsa da yatsanta, ni da na yi shekara talatin da shi sai a waya.

"Inna, mun ƙirga, sun kai ɗari biyu. Kowace tsaga shekara guda ce, ko?"

"To ku da boko, mi kuke tambayata?"

Na bar ta ta tafi da kuskurenta. Kwana uku ina jin daɗin cewa akwai abin da ni kaɗai na sani. Sai na tuna in sunka rubuta haka, Malam ya zama mai shekara ɗari biyu yana yankan icce, dariya ta dawo sabuwa. Na aika a kira ta.

Na ce layi shi ne shekara. Tsaga kuwa Juma'a ce, kowace Juma'ar da rafi ke gudu bayan ɗaukewar ruwan sama, don ya san ko zai kai albasa ga girbi. Rabi ta sake duba hoton. Layukan sama, na shekarun farko, dogaye; na ƙasa sai gajercewa suke, wato rafi na ƙara ƙafewa da wuri.

"Inna, wane suna za mu sa a rahotonmu?"

Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Na duƙar da kai na faɗa a hankali. Ta maimaita da ƙarfi tana rubutawa, abinta ba nauyi.

Gonar an raba, garmar ta yi tsatsa. Abin da ya rage na Malam yanzu yana cikin jakar ɗiyar wasu, zai shiga ɗakunan da ba zan taɓa shiga ba. Na yarda, don can ba za a yi masa dariya ba. Amma kada kowa ya ce mini bai yi zafi ba.